Ƙwaya: A Bakin Iyaka Za a Tare Ta, Ko a Tashar Kwangila?

Malam Lawal, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum. Ina neman izinin dattawan wannan zaure in kawo wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Ina dawowa daga Kaduna a motar haya sai muka tarar da shingen jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kafin mu shigo Zariya, aka sauke mu, aka duba jakunkuna da kayan da ke bayan mota, sannan aka sallame mu. Muna tashi wani fasinja ya ce wannan duk wahalar banza ce, domin in da gaske ake yi, a Jibiya da Illela da Maigatari ya kamata a tare ƙwaya, tunda ta can take shigowa. Kusan duk motar ta goyi bayansa, ni ma na gyaɗa kai. Sai da na isa gida na tambayi kaina: me Nijar take sarrafawa da za ta cika mana gari da shi? Ban taɓa jin labarin masana'antar taramol a Maraɗi ko Damagaram ba. Hukumar nan tun 1989 aka kafa ta, da doka ta 48 a zamanin Janar Babangida, amma har yau yawancinmu ba mu san ta wace hanya kayan nan suke zuwa mana ba. Ina roƙon waɗanda suka san lamarin su fahimtar da mu.

Alhaji Garba, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Na yi aikin kwastan har na yi ritaya, kuma shekaru da dama daga ciki a kan iyakokin arewa na yi su, saboda haka zan ce wani abu. Fasinjan nan naku ya riƙe taswirar a kife. Mafi yawan taramol da ake sha a ƙasar nan a Indiya ake yin sa, a cikin kwantena yake zuwa ta ruwa, ya sauka a Apapa ko Tin Can ko Onne, wani lokaci kuma a Lome ko Kwatano. Tabar wiwi a dazukan Ondo da Edo da Delta ake noma mafi yawanta. Hodar ibilis daga Kudancin Amurka take fitowa, kuma babban kamun da hukumar ta yi a watan Satumba na 2022, wajen tan 1.8, a wani gida a Ikorodu ta jihar Legas aka yi shi, ba a Jibiya ba.

Ke nan akasarin kayan daga kudu suke hawowa arewa. Su bi Lakwaja, su wuce Abuja da Kaduna, su iso nan Zariya, inda hanya ta rabu. Wanda ya miƙe zai faɗa Kano, daga can Maigatari ko Daura. Wanda ya karya ta Funtuwa zai iya nufar Gusau da Sakkwato har Illela, ko ya ɗauki hanyar Katsina zuwa Jibiya. Abin da ya tsallake iyaka ya nufi Maraɗi da Agadas, wani har Libiya. Abin da bai tsallake ba, a hanya ake zubar da shi gari-gari, kuma mu a kan hanyar muke zaune.

Ba na cewa babu abin da ke shigowa ta arewa. Akwai tsohuwar dabarar 'yan fasa-ƙwauri, irin wadda aka yi ta yi da shinkafa: a sauke kaya a Kwatano da sunan Nijar za a kai su, su shiga Nijar a takarda, sannan su dawo mana ta ɓarauniyar hanya a kan babura. Amma iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma na zauna a wurin da gonar mutum guda rabinta tana Najeriya rabinta tana Nijar. Wa zai tsare wannan? An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Shinkafa ta yi tsada kowa ya shaida, amma ban ji unguwar da 'yan ƙwaya suka tashi saboda sun rasa abin sha ba.

Malam Lawal, Tudun Jukun:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Wannan misali na rufe iyaka ya ishe ni hujja.

Malama Hauwa, Samaru:
Ina so in ƙara a kan bayanin Baba Alhaji ta fuskar sana'ata, domin harhaɗa magunguna na karanta kuma da shi nake ci. Taramol magani ne na gaskiya, ana ba mai ciwo mai tsanani, kuma ƙarfin da aka amince a shigo da shi ƙasar nan shi ne miligiram 50 da 100. Wanda ake kamawa a kwantena yawanci 200 ne ko 225, wato tun daga masana'anta ba don majinyaci aka yi shi ba, don kasuwar maye aka yi shi. Abin da nake so mu lura da shi shi ne yadda kasuwar take sauya riga. A watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar nan kuma Indiya ta sanya taramol cikin jerin magungunan da ake sa wa ido sosai wajen fitarwa. Me ya biyo baya? Sai aka fara ganin wasu ƙwayoyi masu kama da shi, an haɗa tapentadol da carisoprodol, haɗin da ya fi haɗari, har sai da Indiya ta hana shi a farkon 2025 bayan an sake fallasa masu yin sa.

Dalilin da ya sa ba a rasa mai kawowa shi ne girman kasuwar. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Duk inda masu saye suka kai haka, wani zai sayar da ransa ya kawo.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato majinyacin gaskiya. Na ga dattijuwa mai ciwon daji da 'ya'yanta suka yi ta yawo da takardar likita daga kemis zuwa kemis, kowa yana tsoron ajiye maganin don kada a zarge shi, alhali yaron da ke bakin kwalbati yana samun mai ƙarfin 225 ba tare da takarda ba.

Shehu Direba, Kwangila:
Gaisuwa ga iyayena da malamaina. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma shekarata 19 ina jan mota tsakanin Zariya da Sakkwato, kuma abin da Alhaji ya kwatanta a taswira ni a bayan motata na gan shi. Kowa yana maganar kwantena da jirgin ruwa, amma kafin kaya su kai iyaka sai an farfasa su ƙanana, kuma sunansu a wurinmu saƙo.

Ga yadda abin yake. Kana lodi da safe, fasinja sun kusa cika, sai ɗan kamasho ya zo da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, an rubuta lambar waya a jiki da alƙalami mai kauri. Zai ce maka kayan gyaran babur ne, ko takalma ne, in ka isa ka kira lambar nan. Kuɗin saƙo guda wani lokaci ya fi kuɗin kujerar fasinja, ga shi ba ya cin wuri, ba ya ƙorafin zafi, ba ya cewa a tsaya zai yi fitsari. Wane direba ne zai ƙi, a wannan tsadar mai? Ba ka ga wanda ya kawo ba, ba ka san wanda zai karɓa ba.

Shekara uku da suka wuce irin wannan kwali ya ja mini. An tare ni a wani shinge bayan Funtuwa, ba zan faɗi ko su wane ne ba, aka farke kwalin da wuƙa a gabana. A sama fulogin babur ne jere, a ƙasa kuwa fakiti-fakiti na ƙwaya. Wallahi ƙafafuna ne suka fara rawa kafin bakina. Aka kira lambar da ke jikin kwalin, ta yi ƙara sau ɗaya, daga nan aka kashe ta har yau. Kwana 11 na yi a tsare, mota tana ajiye, mai mota yana kiran matata yana tambayar balas. Abin da ya cece ni shi ne shugabannin tasharmu da suka tsaya mini, da wani fasinja malamin makaranta wanda ya dawo da ƙafarsa ya ba da shaidar cewa a gabansa aka miƙo mini kwalin a rufe. Wanda ya aiko da kayan yana nan yana shan iska. Shi ya sa in na ji an ce an kama mutum kaza a wata kaza, nakan tambayi kaina, nawa ne masu kayan a ciki, nawa ne irina?

Abubakar, Gyallesu:
Allah ya kiyaye gaba, Yaya Shehu. Amma ni a ganina lallashi ya yi yawa a wannan lamari. Ƙannena biyu abokan karatunsu sun lalace a kan idona, ɗaya yanzu a bola yake kwana. A Saudiyya da Singafo wanda aka kama da safarar ƙwaya kashe shi ake yi, shi ya sa ake shakkar su. Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa a 2024, me ya sa ba mu ga an fara ba? In aka harbe manyan dillalai goma a bainar jama'a, sauran za su shiga taitayinsu.

Barista Nuhu, Kongo:
Ƙanena Abubakar, na fahimci zafin da ke ranka, amma ka sake karanta labarin Shehu kafin ka nemi a fara harbi. Da farko, abin da Majalisar Dattawa ta amince da shi a watan Mayu na 2024 gyaran doka ne, Majalisar Wakilai kuma ɗaurin rai da rai ta tsaya a kai, kuma ƙuduri ba ya zama doka sai majalisun biyu sun daidaita shugaban ƙasa ya sa hannu. Na biyu, mun taɓa gwada wannan hanya. A watan Afrilu na 1985, ƙarƙashin doka ta 20 ta gwamnatin soja ta Janar Buhari, an harbe mutum uku a Legas saboda safarar miyagun ƙwayoyi, har ana sukar cewa dokar ta koma baya ta hau kan laifin da aka yi kafin a kafa ta. Safarar ba ta mutu ba. Shekara huɗu bayan nan sai da aka kafa hukuma sukutum domin ita.

Dokar da muke da ita ba mai sauƙi ba ce. Sashe na 11 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa ko fita ko sayar da hodar ibilis da makamantanta, ya kuma tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallake ta yana sane. Kalmar nan, yana sane, ita ce gadar da Shehu ya tsallaka a kanta, kuma shaidar malamin makarantar nan ce ta riƙe masa gadar. Ku tuna da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan wasu ma'aikata a filin jirgin saman Kano sun liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba, cike da taramol. Binciken NDLEA ne ya tono masu hannu a ciki, aka sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019. Da an gaggauta zartar da irin hukuncin da kake nema, wa zai dawo wa iyayenta da ita? Jakar filin jirgi da kwalin Kwangila dabara ɗaya ce: mai kaya yana neman wuyan wani ya rataya.

Inda nake ganin rauni shi ne abin da ke faruwa bayan kamu. Shari'ar ƙwaya a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ƙananan masu laifi sukan amsa laifinsu nan da nan a yanke musu hukunci, mai kuɗi kuwa yana da lauyoyin da za su ja shari'a shekara da shekaru, wani lokaci ma a ƙare da zaɓin tara wadda ba ta kai ribar kwali biyu ba.

Abubakar, Gyallesu:
Na karɓi gyara a kan maganar majalisa, Barista. Amma ban janye ba a kan manyan. Wanda aka samu da tan guda a gidansa ba zai ce ɗan kamasho ne ya miƙo masa ba.

Alhaji Sabi'u, Tudun Wada:
Ni fatauci nake yi tsakanin Dawanau da Maraɗi, kuma ina so in tsaya a tsakanin Alhaji Garba da fasinjan da Malam Lawal ya ambata. Gaskiya ne kayan ba a Nijar ake yin su ba, amma kada mu ɗauka can ba a fama. A watan Maris na 2021 jami'an Nijar sun kama tan 17 na tabar wiwi da aka sarrafa a wani ɗakin ajiya a Yamai, wadda ta shigo ta tashar ruwan Lome. A Janairu na 2022 kuma sun kama fiye da kilo 200 na hodar ibilis a motar magajin garin Fachi, a kan hanyar hamada. Ke nan su ma hanya ce ake bi ta kansu, kamar yadda ake bi ta kanmu.

Abin da ke damuna shi ne, mai safara yana da abokin hulɗa a kowane gefe, waya ɗaya ta ishe su, amma jami'an ƙasashen biyu sai siyasa ta yarda suke magana. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS gaba ɗaya. A watannin nan mu masu kayan halal muka zauna, dankali da albasa suka ruɓe a mota, masu babura kuwa ba su fasa bin daji ko kwana ɗaya ba. In jami'in da ke Jibiya ba zai iya kiran takwaransa na Ɗan Isa ya ce ga mota nan tafe ba, to shingen nasa rabin shinge ne.

Hajiya Maman Sadiq, Ƙofar Doka:
Ina ta karanta bayananku, kuma na ƙaru. Abin da zan ce gajere ne. Duk wannan tafiya daga Indiya zuwa Legas zuwa Kwangila, ƙarshenta ɗakunanmu ne. Ɗan ƙanwata a gidana ya tashi, kuma ban gane halin da yake ciki ba sai ranar da na ɗaga katifarsa zan shanya na ga fankon fakiti sun fi 30. Wanda yake sayar masa ba baƙo ba ne, a layinmu yake, mun san uwarsa, mun je sunan 'ya'yansa. Babu wanda ya kai ƙararsa, har da ni, domin kowa yana tsoron a ce shi ya tona asirin ɗan unguwa. Mun kai yaron asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ya samu sauƙi, amma ya dawo ya tarar da mai sayarwa yana nan inda ya bar shi. Saboda haka in ana zargin hukuma da kama ƙanana, mu ma mu faɗi gaskiya cewa ƙaramin da muka sani ɓoye shi muke yi.

Malama Hauwa, Samaru:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi shugabancin hukumar a Janairu na 2021 sun ƙara ba da ƙarfi ga wayar da kai da ba masu shaye-shaye shawara, ba kamu kaɗai ba, kuma iyaye suna iya zuwa ofishinsu neman taimako ba tare da an ɗauki yaro a matsayin mai laifi ba. Sai dai wuraren kwantar da masu jinya sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu buƙata.

Malam Lawal, Tudun Jukun:
Na shigo da tambaya a kan iyaka, ga shi maganar ta dawo da ni tashar da nake hawa mota kullum. Malam Shehu, ina da tambaya gare ka kai tsaye. Tunda ta hanyar saƙo ake rarraba kayan, me zai hana tasha ta ƙi karɓar kwalin da ba a buɗe ba? Kamfanonin aika kaya da na sani sukan sa mutum ya buɗe kayansa a gabansu, su rubuta sunansa, su karɓi shaidar katinsa.

Shehu Direba, Kwangila:
Malam, bayan abin da ya same ni mun fara hakan a layinmu na Sakkwato. Mun sayi babban littafi, duk mai kawo saƙo zai buɗe a gaban sakatare, a rubuta sunansa da abin da ke ciki, a kira lambar mai karɓa a ji ta shiga kafin mota ta tashi. Wata biyu abin yana tafiya. Matsalar da muka samu ita ce masu lodi a bakin titi, waɗanda ba sa shiga tasha. Mai kwalin da ba ya so a buɗe sai ya taka ƙafa kaɗan zuwa ƙarƙashin gada ya ba wanda ba zai tambaye shi ba. Direbobinmu suka ga saƙo ya ragu, kuɗin shiga ya ragu, suka fara gunaguni, littafin ya koma cikin durowa. Ni dai har yau ba na ɗaukar kwalin da ban ga cikinsa ba, kuma na yi asarar masu ba ni saƙo da yawa a kan haka.

Alhaji Garba, Sabon Gari:
Littafin yana da amfani, amma kada mu ɗora masa abin da ba zai iya ba. Zai kare direba, zai kuma takura ƙaramin dila. Babban kaya ba ya bi ta hannun ɗan kamasho. A ƙarƙashin buhunan tirela yake tafiya, ko a cikin tankar da aka yi wa ɗaki na ɓoye, kuma irin wannan ba a kama shi da sa'a a shinge, sai da bayanan sirri tun daga tashar ruwa. A shekarun da na yi ina aiki, kamun kirki da na gani kusan duka wani ne ya tsegunta.

Barista Nuhu, Kongo:
Haka ne, Alhaji, amma ko kare direban kaɗai aka samu ba ƙaramin abu ba ne, domin littafi mai ɗauke da suna da sa hannun wanda ya kawo kaya hujja ce da kotu za ta duba. Malam Shehu, abin da ya kashe yunƙurinku shi ne layi ɗaya ne ya yi, sauran suka zuba ido. In shugabannin ƙungiyar direbobi na Kwangila da sauran tashoshin gari za su zauna su mayar da shi ƙa'ida ga kowa, sannan su nemi ofishin hukumar na nan Zariya da ƙaramar hukuma su shigo cikin maganar masu lodin bakin titi, ni zan rubuta muku takardar da tsarin littafin ba tare da ko sisi ba.

Shehu Direba, Kwangila:
Na gode, Barista, Allah ya saka da alheri. Muna da taron reshe ranar Alhamis bayan la'asar, zan gabatar da maganar. Ina roƙon a rubuta takardar da Hausa, kuma a bar gurbin dangwala yatsa kusa da na sa hannu, domin da yawa daga masu kawo mana saƙo ba sa rubutun boko.